Buhun da Ba a Sokawa

An ciro ni daga sito a sume, wata Laraba da azahar, a daminar da aka yi auren 'yata Hadiza. Masu dakon da ke sauke kaya a maƙwabta ne suka ga takalmana a bakin ƙofa, suka yi ta kira shiru, suka tura ƙofar. Sun ce bakina na kumfa suka jawo ni. Ni ban san inda nake ba sai a gadon asibiti. Abin da ya kayar da ni ƙwayar nan ce da muke sa wa wake, wadda 'yan kasuwa ke kira bom. A ƙulle ta a tsumma a tura cikin buhu, ta narke ta zama iska mai warin tafarnuwa, ta kashe duk ƙwaron da ke ciki. Na yi shekara da shekaru ina shaƙar ta, in tofar da yawu in ci gaba da aiki. Ranar nan na shiga gyara jerin buhuna, iska ta turo ƙofa ta rufe, shi ke nan.

Likitan da ya sallame ni bai ɓoye mini komai ba.

"Baba, huhunka ya ɗauki iyakar abin da zai ɗauka. In ka sake shaƙar abin nan, ba nan za a kawo ka ba."

Na fara da wannan ne don ku gane abin da ya biyo baya. Na san abin da kuke ji a dangi game da ni da Kawunku Tanimu. Wasu na cewa girman kai ya sa na kore shi daga sitona, wasu na cewa mutanen jami'a ne suka ba ni wani abu na juya wa ɗan'uwa baya. Ban kore shi ba, kuma ba wanda ya ba ni ko goro. Ga yadda aka yi.

Ni ban san wata sana'a ba sai wake. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami na shiga dako, daga dako na koma awo, daga awo na samu sito a bayan Ƙofar Kuyambana. Sana'ar ba ta da wani sirri. Ka saya da kaka lokacin da wake ke arha, ka ajiye, ka sayar in damina ta kankama. Tsakanin sayen da sayarwar kuwa, kai da ƙwaro ne. In ka ƙyale shi, ya mai da maka buhu gari. Shi ya sa kowa ke sa bom. To likita ya ce in na taɓa bom na mutu, ƙwaro kuma ya ce in ban taɓa ba na tsiyace. Haka na zauna a zaure ina tari har kaka ta matso, mahaifiyarku tana leƙo ni.

"Malam, ka bar waken nan mana. Ko goro ne ka kasa a ƙofar gida."

"In kasa goro da furfurata, Habi?"

"Gara in gan ka kana kasa goro da in ga an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa."

A kakar nan ne wasu masu bincike daga jami'a suka zo kasuwa da wani irin buhu. Suka tara mu a inuwa suka nuna mana. Leda ce mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa daga waje. Ka zuba wake, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Suka ce sun yi shekaru suna gwada shi. Ƙwaro ma numfashi yake yi kamar mu, in iskar da ke ciki ta ƙare sai ya mutu, ba sai an sa masa komai ba. Abu ɗaya suka yi ta nanatawa: kada iska ta shiga. 'Yan kasuwa suka yi dariya suka watse, wasu suka karɓi ɗaya-ɗaya don kunya. Ni ban yi dariya ba. Na san yadda ake ji in iska ta ƙare wa mai rai. Na sayi buhun da zai cika sitona, na zuba duk abin da na mallaka a ciki, ban sa ko ƙwayar bom ɗaya ba.

Ba a daɗe ba wasu mutum biyu suka zo da mota, suka ce an aiko su su ga 'yan kasuwar da suka ɗauki binciken. Suka tsaya daga bakin ƙofa suka ƙirga buhuna, suka ɗauke ni hoto ina jingine da su, suka ce a duk birni ba wanda ya kai ni amfani da ilimi. Na ce musu madalla. Ba su buɗe ko ɗaya ba.

Yanzu maganar Kawunku. Ni da Tanimu tare muka tashi, tare muka yi ta hawan ganuwa ana dukanmu, kafin ma in san yana da ƙanwa mai suna Habi. Shi sari yake yi ya loda manyan motoci zuwa kudu, kuma rabin abin da ke sitona kowace shekara shi ke ɗauka. Al'adarsa ya zo lokacin sanyi, tun kafin farashi ya motsa, ya duba kaya ya yi wa nasa alama da gawayi, su zauna a wurina sai lokaci ya yi. Kuma ku da ba ku yi kasuwar hatsi ba, ku san cewa ba a sayen buhu ba a soka shi ba. Akwai wani ƙarfe mai tsini, mai rami a ciki kamar indararo. Mai kaya ne ke ɗauko shi ya miƙa wa mai saye da hannu biyu. Mai saye ya soka a cikin buhu, 'yan ƙwayoyi su gangaro tafinsa, ya duba, ya ciza, ya watsa wa kaji. Miƙa ƙarfen nan shi ne ka ce ba ka ɓoye komai. In ya zare, ya shafa wurin da yatsa, saƙar buhu ta koma ta rufe. Haka muka tarar ana yi.

Shekarar nan Tanimu ya shigo yana kallon jerin buhunan yana murmushi.

"Kai kuma Iro, wake ka sa wa riga uku? Sanyi yake ji?"

"Duba kayanka ka ba ni wuri."

"Da kuɗin rigunan nan ai da ka sai wa Habi atamfa."

Na ɗauko ƙarfe na miƙa masa. Ya bi layin gaba da na gefen ƙofa, duk wanda hannunsa ya kai, yana soka yana shafawa yana zanawa da gawayi. Ina tsaye ina riƙe masa hula. Za ku ce mini yaya aka yi ban tuna da maganar iska ba. Ni dai a rayuwata ban taɓa ɗaukar sokar buhu a matsayin huda ba. Gaisuwa ce. Kamar a ce maka miƙa hannu na yaga riga.

Da bazara ta yi zafi na fara jin abin da na fi tsoro. Wake in ƙwaro ya kama shi ɗumi yake yi, in ka kara kunne kuma ka ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye daga nesa. Na kwance buhu ɗaya daga gaba. Ƙwari suka taso mini a fuska, na tura hannu na ɗebo gari. Na kwance na kusa da shi, haka. Ban ƙara ba. Na rufe sito na zauna a kan dakali, na ce shi ke nan, mutanen nan sun gwada abinsu a kaina. Ban gaya wa kowa ba sai Tanimu, tunda kayansa ne a gaba. Ya zo ya gani.

"Iro, tun da sauran abin ceto, a juye su a buhun mutane a sa bom. Yau ɗin nan."

"Likita ya ce in na shaƙa na tafi."

"Wa ya ce kai za ka sa? Ka ba masu dako su shiga."

"Su huhun ƙarfe gare su?"

"To ka zauna ka ci gari kai da ƙanwata."

Gaskiya ya faɗa, ba mugunta ba. Washegari na je na sayo gwangwanin bom. Ban iya tura ɗan wani ciki ba, don haka na yanke ni zan shiga da tsumma a hanci, in Allah ya yi sauran kwana in fito. Na ajiye gwangwanin a saman katangar zaure. Mahaifiyarku ta gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta da wannan halin. Ta dai tsaya a bakin ƙofar cikin gida ta ce,

"In za ka shiga, ka fara biyawa ta wurin Liman ka gaya masa, kada a neme shi a rasa."

Na ɗaga aikin zuwa bayan Juma'a. Ranar Alhamis ɗin sai ga wata mata ta sauka daga keke mai ƙafa uku a ƙofar sito, da hijabi da takalmin roba, ta yi sallama ta tambayi Malam Iro mai wake. Ta ce sunanta Bilkisu, daga wajen masu binciken buhun take. Aikinta ta bi 'yan kasuwar da aka rubuta sun ɗauki abin, ta ga ko ya yi musu aiki. Na ce ai an riga an zo an ƙirga, har da hoto.

"Na ga hoton, Baba. Sun auna wanda ya saya ne. Ni wanda abin ya yi wa amfani nake nema, kuma ba lalle su zama mutum ɗaya ba."

"To kin zo daidai. Shiga ki ga amfanin."

Na yi zaton za ta tsaya daga waje ta yi mini tambayoyi. Sai ta naɗe hannun hijabi ta shige. Ta ga garin, ta shinshina, ta tambaye ni ko waken ya bushe sosai kafin in zuba, na ce ya bushe. Ta duba ɗaurin bakin, ta ce ko su ba su fi haka iya ɗauri ba. Sai ta ce a juye buhu ɗaya. Ta zare ledar ciki, ta kaɗa ta ta cika da iska, ta murɗe bakin ta rungume ta matsa. Muka ji tsiii. Ta ɗaga ledar ta fuskanci hasken ƙofa, ga ɗan rami kamar na ƙusa. Ta biyu ma haka, a daidai wuri guda. Aka juye wani, haka. Wani, haka.

"Ba ɓera ba ne," in ji ta, tana magana da kanta. "Ɓera yagawa yake yi. Kuma duk a tsakiyar buhu, duk tsayi ɗaya. Na ga irin wannan a sito uku kafin naka, na kasa gane mene ne."

Ni kuwa tun rami na biyu na fara ganewa. Na dubi buhun da aka juye, ga zanen gawayi. Na je bayan ƙofa na ɗauko ƙarfen na miƙa mata. Ta juya shi, ta sa tsinin a ramin ledar, ya zauna cif. Na gaya mata yadda ake sayen hatsi. Ta zauna a kan buhu tana kallon ƙarfen.

"Mun gwada buhun nan da zafi, mun gwada shi da raɓa, mun gwada shi da ɓera. Ba mu taɓa gwada shi da mai saye ba."

"Mu kuma kun ce kada iska ta shiga, muka ji, muka soka."

"Kowane buhu aka soka?"

"Wanda hannu ya kai."

"To mu je inda hannu bai kai ba."

Na kira masu dako suka janye layin gaba. Buhun farko na baya, ba gawayi a jikinsa, na ɗora tafina a kai na ji shi da sanyi. Na kara kunne, shiru. Ita ta kwance igiyar. Wake fari tas, kamar ranar da na zuba shi. A sama-sama ga 'yan ƙwari a mace, sun bushe. Na ciza ɗaya ya yi ƙara. Muka buɗe wani daga can ƙurya, muka buɗe wani daga ƙasa. Duk lafiya. Abin da ya lalace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na fita na zauna a kan dakali. Na daɗe ban ji iska ta shiga ƙirjina har ƙasa kamar ranar ba.

Da ta fito tana karkaɗe hijabi na tambaye ta,

"To a awonki, na ci ko na faɗi?"

"Yau dai rabi, Baba. Ka karɓi buhun, amma sitonka bai karɓe shi ba tukuna. Sai ranar da yadda kake ciniki ya daidaita da shi. Mu ma rabi muka ci, tunda ba mu tambaye ku yadda kuke sayarwa ba. Zan dawo baɗi in sake dubawa."

Da yamma na mayar wa mai shago gwangwaninsa. Da na shiga gida Habi ta dubi saman katanga ta dube ni, ta koma ta ɗora tukunya. Ba ta tambaya ba sai da na ci na ƙoshi.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Asarar waken da ya lalace ni na ɗauka, ban ɗora wa Tanimu ba, tunda ni na miƙa ƙarfe. Na ba shi daga na baya, ya loda ya tafi. Amma da kaka ta zagayo na sake cika sito, na san ranar na zuwa. Ya zo da sanyi kamar kullum, ya tsaya a tsakiyar sito ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, yana jiran ƙarfe. Ga dillalai biyu a bakin ƙofa, ga masu dako.

"Ba a soka wannan, Alhaji. Nuna duk wanda kake so in kwance maka, ka tura hannu har gindi, in sake ɗaurewa."

"Duk buhunan nan za ka kwance mini ɗaya-ɗaya? Mu kwana nan?"

"Ka zaɓi kaɗan. Sauran ka yarda da ni."

"In yarda da kai." Ya sauke hannun. "Ni mutanena na kudu in sun bugo, tambayar farko ita ce, ka soka? In ce musu a'a, mijin ƙanwata ya ce in yarda?"

"Ka ce musu ka buɗe ka gani da idonka."

"Iro, ubanka ya miƙa wa ubana ƙarfe a kasuwar nan. Yau ni za ka hana a gaban mutane, don wata yarinya ta zo ta hura leda?"

"Ledar nan ita ta hana a kai ni maƙabarta a makara."

Ya dube ni, ya dubi dillalan, ya gyara hularsa ya fita. Ban kira shi ba, ban kuma bi shi ba. Da na san wata magana mai laushi da na faɗa, amma ban iya ba, kun san ni. Shekarar nan bai ɗauki ko mudu a wurina ba, wasu ma suka bi shi, don a kasuwa duk wanda ya hana a soka ana cewa da abin da yake ɓoyewa. Na sha wuyar sayarwa. Na koma bin masu abincin sayarwa da matan da ke tuyar ƙosai, ina kwance buhu ina ɗaurewa har yatsuna suka yi kanta. Su ne suka fara yaɗa cewa waken Malam Iro ba ya wari, ba sai an shanya shi kafin a dafa ba. A hankali aka fara zuwa nema.

Wadda ta biya kuɗin abin da gaske mahaifiyarku ce. Da Sallah ta yi tuwo ta aika Gyallesu gidan wanta kamar yadda ta saba, kwanon ya dawo a wanke ba ko saƙon gaisuwa. Da aka yi sunan ɗan Hadiza matan Kawunku suka zo, shi bai zo ba. Na same ta a ɗaki tana ninke kaya tana warwarewa. Na ce ko in je in ba shi haƙuri in miƙa masa ƙarfen, ya soka biyu-uku don a zauna lafiya.

"In ya soka biyu, gobe wani ya ce shi ma sai ya soka. Ka dawo kana sayen gwangwani. Yaya Tanimu fushi yake yi, yana nan da ransa. Bar shi."

Malama Bilkisu ta dawo kamar yadda ta ce. Wannan karon ba ta fara da buhu ba, ta zauna a kan dakali tun hantsi tana kallon yadda nake ciniki. Ta ga mai saye ya nemi ƙarfe, ta ga na kwance masa, ta ga ya saya. Sannan ta shiga ta zaɓi buhuna da kanta, gaba da baya, ta matsa ledoji ba wadda ta yi kuka. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya koya daga wurina, na nuna mata sito biyu a layinmu. Ta ce yanzu in sun je nuna buhun a kasuwa, da ƙarfen suke zuwa, su soka leda a gaban mutane su matsa kowa ya ji. Na ce to yau fa, nawa na ci? Ta yi dariya ta ce in je in huta. Na gaya mata abin da ya ci mini, na ce ta sa shi a awon nata, don wanda zai ɗauki abin nan ya san ba kuɗin buhu kaɗai zai biya ba. Ta daina dariya ta ce za ta sa.

Kawunku ya fi shekara biyu bai taka sitona ba. Muna haɗuwa a jana'iza mu gaisa da hannu, ba hira. Daga baya wani mai dako ya ba ni labari cewa ya shiga siton Alhaji Tanimu ya tarar da buhu mai riga uku har rufi, kuma wani baƙo ya zaro ƙarfe Alhaji ya kusa marinsa. Tanimu bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa nuna na ji ba. Da mahaifiyarku ta kwanta ciwon ƙafa ya zo dubiya, ya zauna a zaurena muka sha shayi, muka yi maganar ruwan sama da tsadar mota. Bai ce a yafe ba, ban ce ba. Har yau bai dawo saye a wurina ba, kuma ba na jira.

Ni dai ina nan Ƙofar Kuyambana ina sayar da wake. Ƙirjina na yin fito in an yi sanyi, ba na iya ɗaga buhu, amma ni ke buɗe sito da safe, ni ke rufewa, in koma gida da ƙafata. Kawunku yana Gyallesu, ya tsufa kamar ni. Ku riƙa zuwa kuna gaishe shi. Ba ruwanku a ciki.